Idan ƙwallo ko tsinke ya sami yaro a ido: abin yi daga fili zuwa asibiti

Da zarar an ba da hutun makaranta, ko Sallah ta ƙarato, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga iyaye da malaman firamare da masu horar da ƙananan ƙungiyoyin ƙwallo na unguwa: an ɗirka wa yaro ƙwallo a ido, ko an harbe shi da danƙo, me za a ɗiga masa? Amsar ita ce kada a ɗiga masa komai. Abin da ya kamata a sani shi ne da me za a fara, me zai biyo baya, kuma ina za a nufa. Ga shi nan daki-daki, yadda zai amfani mai zama a Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega ko Yauri ko Zuru.

Kayan da za a tanada tun kafin a buƙace su

Ƙaramar tocila (ta waya ma ta wadatar), kofin roba mara nauyi irin wanda ake sha a yar, almakashi, filasta, ƙyalle mai tsabta, sabulu, farasitamol, da ledojin ruwan sha kamar guda goma. In da hali a ƙara da leda ɗaya ta ruwan gishirin asibiti, wanda ake ƙarin ruwa da shi. Duka kayan nan a kemis ɗaya da shago ɗaya za a haɗa su. Duk mai tara yara a fili, ko malamin wasanni ne ko koci, ya kamata a same su a jakarsa.

1. Tsayar da wasa, a riƙe hannun yaro

Abin da yaro zai fara yi shi ne murza idon. Hana shi. A zaunar da shi a inuwa, kansa a tsaye, babba ɗaya ya riƙe masa hannaye cikin lallashi. A kori taron yara, domin a cikinsu ba a rasa mai cewa "kawo in hure maka". Wanda zai duba ya wanke hannu da sabulu.

Hattara: in yaron ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko yana ta amai, ko ya rikice bai san inda yake ba, to bugun ya shafi kai. A bar sauran matakai, a wuce sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.

2. A gano abin da ya same shi

Nan ne aka fi yin asara, kuma ba a kan magani ba ne, a kan tsoro ne. Yaron da aka hana zuwa ƙwallo ya saci jiki ya tafi ba zai faɗi gaskiya ba. Zai shigo gida da magariba yana sunkuyar da kai, ya ce ƙwaro ne ya faɗa masa, ya kwanta da wuri. Sai bayan kwana biyu, ido ya rufe, sannan abokinsa ya tona cewa kibiyar tsinken tsintsiya ce. Saboda haka a ajiye bulala da faɗa. Uwa ta ce masa, "Ɗana, ba wanda zai taɓa ka, gaya mini me ya shiga idon." In ya ƙi, a tambayi abokan wasansa a gefe.

Abu uku ake son sani: me ya same shi, da wane ƙarfi, kuma da ƙarfe nawa. A rubuta lokacin a waya, likita zai tambaya.

Girman abin yana da muhimmanci. Ƙwallon ƙafa ta fi kwarmin ido faɗi, don haka ƙashin gira da na kunci suna tare wani ɓangare na bugun, ko da yake tana iya yin ɓarna sosai in an buga ta daga kusa. Ƙananan abubuwa kuwa, irin su dutsen danƙo, ƙwayar bindigar roba ta Sallah, ƙwallon badminton, gwiwar hannu a kokawa ko dunƙulen hannu a wasan dambe, kai tsaye suke sauka a kan ƙwayar ido. Masu tsini, wato tsinke da kara da ƙaya da waya, su ne mafi muni.

3. In toka ce ko siminti ko farar ƙasa: ruwa nan take

Wannan ne kaɗai wurin da ake fara aiki kafin a duba komai. A filayen unguwa da toka ko farar ƙasa ake zana layi, wani lokaci har da ragowar siminti daga ginin maƙwabta. Waɗannan suna cin ido, kuma suna ci gaba da ci muddin suna ciki.

A kwantar da yaro, a karkata kansa ta ɓangaren idon da ya samu matsala, don kada ruwan ya gangara cikin mai lafiyar. A huda kusurwar ledar ruwa, mutum ɗaya ya buɗe fatar idon da yatsu biyu, ɗaya yana tsiyaya ruwa daga gefen hanci zuwa waje. A ce wa yaro ya riƙa juya ido sama da ƙasa, dama da hagu. Leda ta ƙare a ɗauko wata. A yi haka minti ashirin zuwa talatin, da agogo a hannu, domin minti biyar da yaro yana ihu sai a ga kamar an yi sa'a guda. In ba ruwan leda, ruwan famfo ko na burtsatse a buta ya yi. Jiran ruwa mai kyau ya fi ruwan buta illa. Bayan an gama sai asibiti, ko da zafin ya lafa.

Hattara: ban da madara, ban da lemun tsami, ban da duk wani abin da za a ce zai kashe kaifin tokar. Ruwa kawai.

4. A duba da tocila, a gwada gani

In ba sinadari ba ne, sai a duba a natse. A ce wa yaro ya buɗe idon da kansa. In ya kasa saboda kumburi ko zafi, kada a ɓanɓare masa da ƙarfi. Rashin buɗewar kansa dalili ne na zuwa asibiti.

A haska tocila daga gefe, a kwatanta da ɗaya idon. Ɗigon baƙin nan na tsakiya: zagayayye ne kamar na ɗaya idon, ko ya karkace ya yi tsini gefe guda? Yana tsukewa in haske ya same shi? Akwai jini kwance a ƙasan baƙin ido, ta ciki, wanda ya yi layi a miƙe? Akwai wani abu baƙi ko ruwan ƙasa da ya leƙo a kan farin ido? Fatar ido ta tsage, musamman a bakinta ko ta kusa da hanci inda hanyar hawaye take?

Sai gwajin gani. A rufe mai lafiyar da tafin hannu sosai, domin yara gwanayen leƙe ne ta tsakanin yatsu. A tsaya kamar taku uku a nuna yatsu ya ƙirga, sannan ya karanta lambar rigar wani ɗan wasa ko lambar mota daga nesa. A sauya ido a maimaita. Daga nan a buɗe duka biyun, ya bi yatsanka da kallo sama, ƙasa, dama, hagu, ba tare da ya motsa kai ba. A tambaye shi ko yana ganin yatsan ya zama biyu.

In ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, asibitin da ke da likitan ido ake nufa a ranar: gani ya ragu, ɗigon tsakiya ya sauya siffa, jini a cikin baƙin ido, gani biyu-biyu, ido ya ƙi ɗagawa sama, fatar ido ta tsage, wani abu ya maƙale, ko zafi mai tsanani da ƙin haske.

Hattara: yawan ja ba shi ne ma'auni ba. Jinin da ya kwanta a kan farin ido kaɗai, gani lafiya, ba zafi, yakan tayar da hankalin uwa amma yakan washe da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. A ɗaya ɓangaren, ƙashin ƙasan kwarmin ido na yaro yana iya tsagewa ya datse tsokar da ke juya ido, idon ya kasance fari tas ba kumburi, sai dai yaro yana tashin zuciya kuma ya kasa kallon sama. Wannan aikin tiyata ne na kwana ɗaya zuwa biyu, ba a jira da shi. Wanda ake zargin ƙashinsa ya tsage kada ya fyace majina, iska na iya bi ta tsagar ta kumbura idon.

5. Yashi ko ƙura kawai

A tsiyaya ruwa mai tsabta, yaro yana ƙifta ido. In ana ganin ƙwayar yashin a cikin fatar ido ta ƙasa, a ɗauke ta da gefen jiƙaƙƙen ƙyalle. Abin da ya manne a kan baƙin ido ba a taɓa shi, ba da harshe ba, ba da ashana ba. Ƙaramin karce yakan warke cikin kwana ɗaya zuwa uku, amma in har gari ya waye yana jin abu na sukarsa, a kai shi a duba. In karan dawa ne ko ciyawa ko ƙaya suka karce shi, kada a jira wayewar gari, domin karcen tsiro yakan jawo gyambon ido mai wuyar magani.

6. Garkuwar kofi, in ana zargin ido ya huje

Ido hujajje kamar ledar ruwa ce da ƙaya ta soka: ko yaya aka matsa, abin da ke ciki zai fito, kuma ba ya komawa. Shi ya sa auduga da bandeji, waɗanda kowa ke rugawa ya ɗauko, suke cutarwa a nan, domin suna danna ido. Abin da ake so rufi ne mai tauri wanda zai zauna a kan ƙashi.

A ɗauki kofin roba a yanke gindinsa da almakashi, a bar tsawon kamar yatsu biyu zuwa uku. A bi bakin da aka yanke da filasta don kada ya yanki fata. A kifa shi a kan idon yadda gefensa zai hau ƙashin gira ta sama da ƙashin kunci ta ƙasa, ba inda ya taɓa fatar ido. A ja filasta biyu ko uku a karkace, daga tsakiyar goshi zuwa kunci wajen kunne. In gumi ya hana filasta kamawa, a share goshin tukuna. In ba kofi, gindin gorar ruwa ta roba yana yi.

In tsinke ko waya na maƙale a idon, a bar shi yadda yake. A yi amfani da kofin gaba ɗaya, mai zurfin da zai rufe tsinken ba tare da ya taɓa shi ba. Na san hannu yana ƙaiƙayin cirewa, uba ba ya iya kallon tsinke a idon ɗansa, amma tsinken shi ya toshe ramin, kuma a ɗakin tiyata kaɗai ake zare shi.

Hattara: idon da ake zargin ya huje ba a wanke shi, ba a sa masa man shafawa ko na asibiti ne.

In bugu ne kawai, gani lafiya, ba ko ɗaya daga alamomin mataki na 4, sai a naɗe ledar ruwa mai sanyi a ƙyalle a ɗora a kan gira da kunci minti goma zuwa sha biyar, ba dannawa. Duk da haka, bugu mai ƙarfi ya cancanci a kai a duba bayan ido cikin kwana ɗaya ko biyu.

7. Abin da ba ya shiga ido, da abin da ba ya shiga baki

Nonon uwa, ruwan sukari, ruwan albasa, zuma, kwalli, ruwan ganye, fitsari: duk ana sawa, kuma likitocin ido sun gaji da ganin ƙaramin karce ya koma gyambo saboda su. Kaka za ta ce da shi aka raini uban yaron. A ba ta haƙuri da ladabi, a ce, "Inna, a bari likita ya gani tukuna." Addu'a a yi ta, a tofa a shafa a kai, amma cikin idon a bar shi.

Na kemis ma ba a tsira ba. Akwai magungunan ɗigawa masu ɗauke ja da zafi cikin sa'o'i, har a yi ta sa wa mai kemis albarka. A duba kwalin: in an ga dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone, a ajiye. A kan karcen tsiro suna rura ƙwayar cuta, ido ya yi fari cikin kwanaki. Likita na iya rubuta irinsu, amma bayan ya duba da na'ura ya tabbatar da abin da ke ciki. Ragowar maganin da aka saya lokacin afolo ma a bar shi inda yake.

Maganin zafi farasitamol ne, gwargwadon shekaru da nauyin yaro. Ban da asfirin, ibuprofen da diclofenac, domin suna iya ƙara zubar jini a cikin ido.

In alamu sun nuna za a iya yin tiyata, kada a ba yaro abinci ko abin sha. Allurar barci tana son ciki ya yi kamar sa'a shida ba abinci. Kofin fura ko biskit da lemon da aka saya a tasha don a rarrashe shi zai iya ɗage aikin da ya kamata a yi da yamma zuwa tsakar dare.

8. Ina za a nufa, kuma yaya

Ido hujajje ana son a ɗinke shi cikin sa'o'i 24. Kada a ɓata yinin a zagayen kemis da ƙananan asibitocin da ba su da na'urar duba ido. A Birnin Kebbi akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda jama'a suka fi sani da FMC, da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya. Abin da ya fi ƙarfin nan akan tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Mai zama a Argungu yana tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato, sai ya duba inda ya fi masa sauƙi. Na nesa ya fara tsayawa a babban asibitin garinsu, a yi wa yaro allurar tetanus in ana buƙata, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta da na hana amai, a karɓi takardar turawa. In hanya ba ta biyuwa da dare, a kwana a asibitin, a yi sammako.

Yaro ya tafi a zaune, kai a sama. Mota ko Keke Napep sun fi kabu-kabu. In babu sai babur, a sa shi tsakanin manya biyu, a tafi a hankali. Ranar Asabar da Lahadi ko da dare, a shiga ta sashen gaggawa a ce raunin ido ne, a roƙi a kira likitan ido mai aikin ranar.

Batun kuɗi: a shirya wa kuɗin mota, kati, gwajin jini, hoton ido ko na ƙashi, da magani. Mai katin KECHEMA, wato inshorar lafiya ta jihar Kebbi, ko na inshorar lafiya ta tarayya ya ɗauko shi tare da katin rigakafin yaron. Kada a zauna jiran sai kuɗin tiyata sun cika kafin a tashi. A tafi da abin da ke hannu, 'yan uwa su biyo da saura. Ɗinki ɗaya a ranar farko ya fi arha nesa ba kusa ba a kan jinyar idon da ya yi ruwa.

9. Abin da za a gaya wa likita

Abin da ya bugi idon, lokacin, abin da yaro ya ci na ƙarshe da ƙarfe nawa, da duk abin da aka riga aka ɗiga. In an sa nono ko maganin kemis a faɗa, a nuna kwalbar. Ɓoyewa ba ta fid da kowa kunya, sai dai ta ɓatar da likita.

Sannan a faɗi rukunin jinin yaron, AA ne ko AS ko SS. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma da yawa ba su sani ba. In jini ya taru a cikin baƙin ido, ƙwayoyin jinin mai sikila, har da AS da ba ya ciwo, suna lanƙwashewa su toshe magudanar ruwan ido, matsin ido ya hau ya lalata jijiyar gani da wuri. Akwai kuma maganin sauke matsin ido da likita zai kauce masa in ya san yaron na da sikila. In ba a sani ba, a nemi a gwada a ranar.

10. Makon farko a gida

Ga wanda jini ya taru a idonsa, kwana na biyu zuwa na biyar su ne na fargaba, domin a nan jinin ke sake ɓallewa, kuma na biyun yakan fi na farko muni. Abin takaici, daidai lokacin ne yaro ke jin ya warke yana neman takalmin ƙwallonsa. Ba gudu, ba keke, ba ɗaukar jarkar ruwa, ba sunkuyo. Ya kwana da matashi biyu ko uku, da garkuwa a ido. A sanar da malamin makaranta da na allo.

Wani maganin ɗigawa yana buɗe ɗigon tsakiyar ido ya sa gani na kusa ya dushe har kwanaki. Aikinsa ke nan, kada a daina. A koma ranar da likita ya sa ko da ido ya yi kyau. A koma kafin ranar in zafi ya ƙaru, ko amai ya zo, ko gani ya ragu, ko yaro ya ce yana ganin walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo suna yawo, ko wani duhu ya rufo daga gefe. Waɗannan na ƙarshe alamun tantanin bayan ido ne ke ɓanɓarowa, kuma suna iya zuwa bayan makonni.

Abu biyu kuma masu dogon zango. Idon da ya sha bugu mai ƙarfi yana iya kamuwa da hawan jinin ido bayan shekaru, ba zafi ba alama, don haka a riƙa auna matsinsa sau ɗaya a shekara. Yaron da bai wuce shekara bakwai zuwa takwas ba kuwa, in ido ɗaya ya daɗe ba ya gani sosai, ƙwaƙwalwa takan yi watsi da shi. In yanar ido ta fito bayan rauni, ko likita ya ce a sa tabarau, ko a riƙa rufe mai lafiyar na wasu sa'o'i kullum, kada a ce sai ya girma.

11. Komawa fili

Likita ne zai ce ya koma, ba koci ba. Tabaran wasa na gaske da roba mai tauri ake yin su, wadda masu yanka tabarau ke kira polycarbonate. A ambaci sunan in an je saye. Tabaran karatu na gilashi da na rana na bakin titi ba kariya ba ne, fashewa suke yi su shiga ido. Yaron da ido ɗaya ne kawai ke gani da kyau ya sa na roban a kowane wasa, dambe kuwa ya haƙura da shi gaba ɗaya.

Ga masu kula da fili: a tumɓuke kututturen kara da ƙaya kafin a kafa raga, musamman a gonakin da ake mayarwa fili bayan girbi. A raba 'yan shekara takwas da samari masu ƙarfin ƙafa. 'Yan ƙasa da sha biyu su buga ƙwallo mai lamba 4 ko 3, ba mai lamba 5 ta manya ba. A yanke farce kafin langa da kokawa. Layi kuma a ja shi da sanda ko a shimfiɗa igiya, a bar toka da siminti. Bindigar roba mai ƙwaya da bakan tsinken tsintsiya ba su da wata hanyar da za a yi wasa da su lafiya, in an gan su a hannun yaro a karɓe.